Wa Ke Auna Mudun Jami'a?



Ina godiya ga shugabannin ƙungiyarmu da suka ba ni wannan dama in yi magana a gaban na gaba da ni. Abin da aka ɗora mini in yi bayani a kai shi ne yadda ake sa ido kan jami'o'i da kwalejoji a ƙasar nan, da yadda ake tabbatar da ingancin ilmin da suke bayarwa. Wataƙila wani ya ce wannan magana ce ta manyan ofisoshi, ina ruwan ɗalibi da ita. To, amma ɗalibi ne ya fi kowa ruwa da tsaki a ciki, domin kuwa shi ne zai ɓatar da shekara huɗu ko biyar na ƙuruciyarsa, da kuɗin iyayensa, a kan takarda guda ɗaya. In takardar nan ta fito ba ta da daraja, ba wanda zai mayar masa da shekarunsa.

Kowa a nan ya san Babbar Kasuwar Kaduna. In mutum ya je awon hatsi, yana iya duba gero da idonsa, ya murza, ya shinshina, amma ba shi da hanyar sanin ko an bubbuge gindin mudun da ake auna masa. Saboda haka tun zamanin kakanninmu kasuwa ba ta rasa wanda aikinsa shi ne duba ma'auni. Sha'anin ilmi ya fi na hatsi wuyar ganewa. Yaron da ya gama sakandare ba zai iya sanin ko abin da ake koya masa a fannin harhaɗa magunguna ya cika mudu ba, kuma ubansa manomi ba zai iya sani ba. Hatta wanda zai ɗauke shi aiki, takarda kawai zai gani. Dole ke nan a sami wani amintacce da zai tsaya tsakanin makaranta da jama'a, ya ce na duba, na auna, abin ya cika. Malaman zaure ma sun san da wannan, shi ya sa almajiri ba ya zaunawa ya karantar da littafi sai malaminsa ya ba shi izini, kuma ana iya bin salsalar izinin nan daga malami zuwa malami.

Bari mu ɗan waiwaya baya mu ga yadda aka faro. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan cikin 1948, ba ta da ikon ba da digiri na kanta. Jami'ar Landan ce ke amincewa da manhaja, ita ke sa hannu a sha'anin jarrabawa, digirin da ake bayarwa kuma nata ne, har zuwa 1962 lokacin da Ibadan ta tsaya da ƙafarta. Watau ma'auninmu na farko aro ne daga Ingila. Cikin 1959 Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir Eric Ashby don ya duba bukatun ƙasa game da ilmi mai zurfi, ya kuwa miƙa rahotonsa cikin 1960. Daga cikin shawarwarinsa akwai kafa jami'a a Arewa, abin da ya haifar da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin 1962, da kuma kafa hukumar da za ta kula da jami'o'i. A shekarar 1962 ɗin aka kafa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda muka fi sani da NUC, amma a lokacin ba ta wuce ofishin ba da shawara ba. Sai cikin 1974 aka yi mata doka ta zama hukuma mai cin gashin kanta, Jibril Aminu kuma shi ne Babban Sakatarenta na farko a wannan sabon matsayi.

Cikin 1975, da kuɗin man fetur suka samu, gwamnatin soja ta tsai da shawarar kafa sababbin manyan makarantu bakwai a Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilori, Kalaba da Fatakwal. Da makarantu suka yawaita, sai bukatar masu sa ido ta ƙaru. A watan Janairu na 1977 aka kafa Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, watau NBTE, aka kuma ajiye hedkwatarta a nan Kaduna, kan Titin Bida, tafiyar da ba ta kai a hau mota ba daga tsakiyar Doka. Zaɓen Kaduna ya dace, domin tun 1956 garin nan ke da makarantar koyon fasaha, wadda ta zama Kaduna Foliteknik cikin 1968. Cikin 1978 aka kafa JAMB don daidaita ɗaukar ɗalibai, sa'an nan cikin 1989 aka kafa NCCE don kula da kwalejojin horar da malamai.

Akwai wani abin da ya faru a tsakani wanda ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, cikin 1983, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsarin mulki bai hana mutum ya kafa jami'a tasa ba. Kafin a ce kwabo, jami'o'i masu zaman kansu fiye da 20 sun ɓullo, mafi yawansu ba malamai, ba laburare, ba ma harabar kirki. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe su duka da Doka ta 19 ta 1984. Darasin da aka koya shi ne ya haifar da Doka ta 16 ta 1985, wadda ta ba hukumomin nan ikon gindaya mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi a kowane fanni, da ikon zuwa su tantance kwasa-kwasai. NUC ta fitar da ma'auninta na farko cikin 1989, ta kuma fara zagayen tantancewa cikin 1990. A wannan zagaye na farko an duba kwasa-kwasai fiye da 800, waɗanda suka sami cikakkiyar amincewa kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sai cikin 1999 aka sāke ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi, aka fara da uku, watau Igbinedion da Babcock da Madonna. Jami'ar Jihar Kaduna, maƙwabciyarmu, an kafa ta cikin 2004. Yau jami'o'in Nijeriya sun haura 250.

To, yaya ake yin wannan tantancewa? Kafin jami'a ta buɗe sabon kwas, sai hukuma ta aiko a duba ko tana da malamai da kayan aikin da za ta fara da su. Bayan kwas ya yi 'yan shekaru, sashen zai cika wata doguwar takarda yana bayyana abin da yake da shi, sa'an nan hukuma ta turo ayarin manyan malamai daga wasu jami'o'i su zo su kwana biyu ko uku suna dubawa. Za su duba manhaja da takardun jarrabawa da rahoton mai duba jarrabawa na waje. Za su ƙirga malamai su ga matsayin kowannensu. Za su shiga azuzuwa da ɗakunan gwaje-gwaje da laburare, su kuma gana da ɗalibai. Ƙa'idar hukuma ita ce malami ɗaya ga ɗalibi 30 a fannonin adabi da zamantakewa da shari'a, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a injiniyanci, ɗaya ga 10 a likitanci. Kwas ɗin da ya ci maki 70 cikin 100, ya kuma kai wannan matsayi a kowane ɗaya daga manyan sassa huɗu, watau harkar karatu, da malamai, da gine-gine da kayan aiki, da laburare, shi ne ke samun cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya gaza kaɗan sai a ba shi amincewar wucin gadi ta shekara biyu don ya gyara. Wanda ya kasa kai maki 60 kuwa an hana shi ke nan, ba zai sāke ɗaukar sababbin ɗalibai ba sai ya gyara an dawo an duba. Bayan wannan, fannoni kamar likitanci da injiniyanci da shari'a suna da majalisun ƙwararru nasu da ke yin tasu tantancewar, har ma su ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka.

A takarda tsarin nan yana da kyau, kuma adalci ne mu ce ya yi amfani. Akwai sassa da yawa da ba su taɓa ganin sabon littafi ko sabon fenti ba sai da labarin zuwan masu tantancewa ya iso. Tsoron hukuma ya sa gwamnoni da masu jami'o'i sun fitar da kuɗin da roƙon malamai bai sa sun fitar ba. Amma akwai wurare huɗu da nake ganin mudun yana yoyo, kuma ina so mu dube su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne aro. Tun da yake ana sanar da ranar zuwan ayari tun da wuri, wasu makarantu sukan yi shiri irin na tarbar surukai. A ɗauko malamai daga wata jami'a a rubuta sunayensu a ƙofofin ofisoshi, a aro na'urori a jera a ɗakin gwaje-gwaje, a cika kantocin laburare da littattafan da za a kwashe bayan kwana uku. Wannan ba asiri ba ne, malamai da kansu sun sha kokawa da shi a jaridu. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ga shi ranar da aka keɓe don a ga cibin ita ce ranar da aka fi rufe shi. Mai yin wannan yana ganin ya ceci sashensa, alhali ya hana sashen abin da zai samu da an ga gaskiyar halinsa.

Na biyu shi ne, abin da ake ƙirgawa ya fi abin da ake aunawa yawa. Kujera da kwamfuta da yawan masu digiri na uku duk ana iya ƙirga su cikin yini ɗaya. Amma ko malami yana zuwa aji, ko yana duba aikin ɗalibai da kansa, ko ɗalibin da ya gama zai iya rubuta wasiƙar ofis ko ya haɗa injin da aka koya masa, waɗannan ba sa bayyana a ziyarar kwana uku. Yayyenmu da ke aikin gwamnati su ne shaida, domin su ke karɓar sababbin ma'aikata su ga abin da suka iya.

Na uku shi ne, mai makaranta ya fi mai sa ido ƙarfi. Mafi yawan ɗaliban ƙasar nan suna makarantun gwamnati ne, hukumomin sa ido kuma na gwamnati ne. Cikin 2012 kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya zagaya jami'o'in gwamnati, ya tarar da malamai 37,504, waɗanda kashi 43 cikin 100 ne kawai ke da digiri na uku. Ya tarar da azuzuwa maƙil da ɗalibai, da ɗakunan gwaje-gwaje da ba su da kayan aiki. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi kwasa-kwasan waɗannan jami'o'i da yawa suke riƙe da takardar amincewa? Duk da wannan rahoto, an ci gaba da kafa sababbin makarantu, sau da yawa don a faranta wa wata mazaɓa rai, ana raba malaman da dama ba su isa ba. Sai a watan Agusta na 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun Gwamnatin Tarayya na tsawon shekara bakwai. Haka kuma ba ma'aunin da ke auna ɓarnar yajin aiki. Cikin 2020 an rufe jami'o'in gwamnati wata tara, cikin 2022 kuma wata takwas, da aka dawo sai aka riƙa matse zangon karatu don a cike gurbi. Kwas ɗin da aka tsara wa mako goma sha biyar aka koyar da shi cikin rabin haka, sunansa yana nan a takarda, amma mudunsa bai cika ba.

Na huɗu shi ne ƙofar baya. NUC ta sha buga sunayen jami'o'in bogi fiye da 50 da ke karɓar kuɗin mutane ba tare da lasisi ba. A ƙarshen watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na jaridar Daily Nigerian, ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga aikin bautar ƙasa da takardar. Ranar 2 ga Janairu, 2024, Gwamnatin Tarayya ta dakatar da karɓar digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, daga bisani kuma Ministan Ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano mutum fiye da 22,000 masu riƙe da irin waɗannan takardu. Abin lura a nan shi ne, takardar ɗan jaridar nan ta bi ta ofisoshin gwamnatinmu ne, hannuwan ma'aikatanmu ne suka buga mata hatimi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai masu cewa maganin duk wannan shi ne a ƙara wa hukumomi iko. Akwai kuma masu cewa ikon ya riga ya yi yawa, kuma maganarsu abin saurare ce. A watan Disamba na 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa jami'o'i kashi 30. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ƙi amincewa, tana cewa tsara manhaja haƙƙin majalisar malamai ta kowace jami'a ne. A nawa ɗan fahimtar, aikin hukuma shi ne ta tsai da iyakar da ba za a yarda kowa ya faɗo ƙasa da ita ba, ta kuma tsare wannan iyaka da gaske. In ta shagala da rubuta wa kowane malami abin da zai faɗa a aji, sai jami'ar Sakkwato da ta Fatakwal su zama abu ɗaya, alhali bukatun ƙasashensu sun bambanta, sa'an nan aikin duba mudu, wanda shi ne nata na asali, ya sha kashi.

Saboda haka ina da roƙo ga hukumomi, musamman maƙwabciyarmu ta Titin Bida da 'yan'uwanta na Abuja. A riƙa kai ziyarar ba-zata a tsakanin manyan ziyarce-ziyarce, domin kayan aro ba sa kwana a wuri shekara guda. A tanadi rajista guda ta dukan malaman manyan makarantu, yadda ba za a ƙirga mutum ɗaya a matsayin cikakken malami a wuri uku ba. A riƙa buga cikakken rahoton kowace ziyara kowa ya karanta, kamar yadda hukumar tabbatar da inganci ta Ingila, wadda aka kafa cikin 1997, ta saba buga nata. Uban da zai sayar da buhunan masararsa ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya san abin da masu dubawa suka gani.

Ga yayyenmu ma'aikata, roƙona shi ne kada fayil ya wuce ta teburinku da takardar shaidar da ba ku tabbatar da ita ba. Wasiƙa ɗaya zuwa ga magatakardar makarantar da ta ba da takardar ta isa. Wanda kuka bari ya shige da takardar bogi yau, gobe shi ne zai duba maras lafiyarku a asibiti, ko ya sa hannu a kan gadar da 'ya'yanku za su bi, ko ya zama shugabanku a ofis.

Mu kuma ɗalibai, namu aikin uku ne. Da farko, kada ƙanenmu ko ƙanwarmu su biya ko sisin kwabo a wata makaranta sai mun duba musu cewa makarantar tana da lasisi, kuma shi kansa kwas ɗin an amince da shi, domin makaranta tana iya zama halattacciya amma wani kwas nata bai sami amincewa ba. Hukumomin nan suna buga sunayen a shafukansu na intanet, na NBTE kuwa ga ofishinsu nan kusa. A kuma tabbata cewa gurbin karatun ya bi ta hannun JAMB, domin wanda aka ɗauka ta bayan fage shi ke shan wahala ranar tafiya bautar ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, ƙungiyarmu ta riƙa ajiye nata lissafin. Wakilin kowane aji yana iya rubuta yawan ɗalibai, da yawan laccocin da aka yi a zango, da yawan lokutan da aka shiga ɗakin gwaje-gwaje aka yi aiki da hannu. A ƙarshen zango a tattara a miƙa wa shugaban sashe da ladabi. Ƙorafin baki iska ke ɗauka, amma lissafin da aka rubuta da kwanan wata yana da wuyar musantawa.

Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne faɗin gaskiya ranar da masu tantancewa suka kira mu. Na san abin da ke zukatanmu. Muna tsoron in mun faɗi gaskiya a hana kwas ɗinmu amincewa, mu ne kuma za mu fara shan wahala, ga kuma tsoron fushin waɗanda makinmu ke hannunsu. Wannan tsoro yana da dalili, shi ya sa ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai su nemi abu biyu: a riƙa ganawa da ɗalibai ba tare da wani jami'in makaranta a ɗakin ba, a kuma bayyana ƙarara cewa laifin makaranta ba zai hau kan ɗalibin da aka riga aka ɗauka bisa ƙa'ida ba. Amma ko kafin a sami wannan, mu tuna cewa in mun taya an rufe gaskiya, ayari zai tafi, a kwashe kayan aro, mu ne za mu koma ɗakin gwaje-gwajen da ba kome a ciki har shekara biyar masu zuwa, mu da ƙannenmu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ɗalibin da ya faɗi abin da sashensa ya rasa, cikin ladabi ba da nufin tozarta kowa ba, ya yi wa malamansa hidima, domin ya ba su hujjar da za su kai gaban masu riƙe da kuɗi.

Malam Shugaba, darajar takardar da za mu fita da ita ba ta wuce yardar da jama'a suka yi da ita ba, kuma wannan yarda dukiya ce ta tarayya. Duk wanda ya fita da digirin da bai cika ba, ya rage wa na sauranmu daraja, har da na waɗanda suka gama tun kafin a haife mu. Don haka ina roƙon wannan taro, kafin mu tashi, ya ɗora wa shugabannin ƙungiya nauyin binciko matsayin kowane kwas da 'yan ƙungiyar nan ke karantawa, da shekarar da amincewarsa za ta ƙare, su kuma buga a fitowa ta gaba ta mujallarmu.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani.